Na Gida da Na Kasuwa

Akwai wani saurayi a Kafanchan mai suna Wilfred, yana da shagon kayan lantarki a bakin kasuwa. Dutsen guga, butar dafa ruwa, caja, fanka, duk yana sayarwa. Bakinsa da zaƙi, kuma kayansa sun fi na kowa araha a layin.

'Yan layin sun san dalilin arahar. Doka ta ce duk kayan lantarkin da za a sayar a ƙasar nan sai hukumar kula da ingancin kaya ta gwada su, ta tabbatar ba za su ja mutum ko su kama da wuta ba, sannan ta ba su shaida. Wilfred kuwa yana saro waɗanda ba a taɓa gwadawa ba, ya sa a buga masa sitika mai ƙyalli irin ta shaidar, ya zauna bayan kanta yana mannawa da babban yatsa.

Shagon da ke kallon nasa na Mildred ne, wata mata da mijinta ya rasu ya bar mata sana'ar. Ita ba ta karɓar kaya sai dila ya nuna mata takardar shaida, shi ya sa nata suka fi tsada. Wilfred ya tsane ta kamar me. Ya laƙaba mata suna Madam Satifiket, kuma da zarar mai saye ya tsaya a ƙofarta sai ya ɗaga murya yana cewa a can takarda ake sayarwa, kaya suna wajensa.

Wata rana Mildred ta ce masa wannan sitikar za ta kashe wani.

Ya yi dariya, ya ce, "Mijinki da ya tara satifiket, yana ina yanzu?"

Daga ranar ko gaisuwa ba ta ƙara shiga tsakaninsu ba.

Amma mutumin nan mai kaifin harshe yana da wuri ɗaya mai laushi a zuciyarsa, wato Keziya, malamar firamare a Kagoro. An riga an sa musu rana. Keziya bahaguwa ce, da hagu take rubutu a allo, da hagu take komai. Idan ta zo shagon ran Asabar, yakan saya mata gasasshiyar masara, ya kama hannun nan yana tsokanarta cewa zoben aurensu zai sha wahala, kullum cikin alli zai wuni.

Sau ɗaya ta miƙa hannu za ta ɗauki caja daga kan kanta. Ya yi wuf ya karɓe.

"A'a, wannan na kasuwa ne. Bari in ba ki na gida."

Ya buɗe wani kabad da yake kullewa, ya ciro mata wata. Haka ya yi da fitila, haka ya yi da butar da ya kai wa mahaifiyarta. Keziya ta riƙa ba ƙawayenta labari cikin jin daɗi, wai Wilfred ba ya yarda ta taɓa abin da kowa ke saya, nata daban yake ajiye mata.

Ana cikin shirin biki, wata dattijuwa ta sauka daga mashin a layin, ta fara shiga shagon Mildred. Sunanta Mama Lai'atu, ita Zumuntar Mata ta cocin su Keziya ta aiko ta sayo wa amarya kyauta. Ba ta taɓa ganin angon ba, sunansa kawai ta ji a sanarwar coci. Wilfred ma bai san ta ba. Abin da ya gani kawai shi ne mai saye a hannun Madam Satifiket.

Ya tsallaka har bakin ƙofar Mildred, ya karɓi jakar tsohuwar yana "Mama sannu, Mama zo ki huta," ya kai ta nasa shagon, ya ɗora mata dutsen guga a cinya.

Ta juya shi, ta sake juyawa. Ta ce na ɗiyarsu ne, tana so ya gaya mata tsakaninsa da Allah ko mai kyau ne.

Ya ɗora yatsa a kan sitikar da ya manna da safiyar nan. "Mama, ga shaidar gwamnati. Ni zan cuce ki?"

Mildred ta fito ta tsaya a rana, ta ce wa tsohuwar ta nemi ya nuna mata takardar kayan kafin ta biya. Wilfred ya juya kanta da zagi, ya ce hassada ce ke cinta, tun da ta binne miji take neman wanda za ta binne. Mama Lai'atu ba ta son rigima. Ta biya, ta ɗauki kwalinta ta hau mashin.

Ran Lahadi da la'asar matan Zumunta suka kai wa Keziya kyautar da waƙa. Washegari da hantsi aka kawo wuta, ta shimfiɗa zanen da za ta ɗaura ranar ban kwana da gida, ta jona dutsen, ta kama shi da hagu.

Ihunta ne ya fito da maƙwabta. Sai da wani ya kashe wutar gidan gaba ɗaya kafin hannun ya saki ƙarfen.

Da labari ya iso masa, Wilfred ya rufe shago da gudu ya nufi asibiti, yana rantsuwa a kan mashin cewa duk wanda ya sayar da dutsen nan sai ya ga bayansa. A ransa har ya gama yanke cewa Mildred ce.

Ya tarar da Keziya a kwance, hannun hagu naɗe da bandeji tun daga yatsu har gwiwar hannu. Matan Zumunta sun kewaye gadon suna addu'a. A kan kujera ga dutsen, wayarsa ta narke, sitikar kuwa tana nan tana ƙyalli, gefenta ɗaya ya ɗan karkace yadda yatsansa ke karkatar da ita kullum.

Mama Lai'atu ta buɗe ido daga addu'a, ta dube shi da kyau. Aka ce mata ai wannan ne ango.

Ta ce, "Ango? Ɗana, ba kai ne ka ce mini ba za ka cuce ni ba?"

Wilfred ya durƙusa a bakin gado, ya fara rantse-rantse cewa bai san nata ba ne, da ya sani da na gida zai bayar.

Keziya ba ta yi kuka ba.

"Na gida," ta ce a hankali. "Na ɗauka so ne ya sa kake faɗin haka. Ashe ka san abin da ke kan kanta. To na kasuwan, Wilfred, hannun wa ka shirya wa?"

Zoben alkawarinsu, wanda nas ta yanke daga kumburarren yatsan, yana kan teburin gefen gado. Ta ɗauke shi da dama ta sa masa a tafin hannu, ta juya fuskarta bango.

Mahaifinta ya kai ƙara, jami'an hukumar suka zo suka kwashe kayan, suka garƙame shagon. Fasto ya janye sanarwar aure. Mildred kuwa, ko ranar da ake loda kayan a mota ba ta leƙo ba.

Bayan damina Keziya ta dawo layin, yatsu biyu sun ƙi lanƙwasuwa, tana koyon riƙe alli da dama. Wilfred yana zaune a kan benci gaban rufaffen shagonsa. Ya miƙe da ya gan ta. Ta wuce shi ta shiga wajen Mildred, ta ce dutsen guga take so.

Kafin ta tambaya, Mildred ta ciro takardar shaida ta shimfiɗa a kan kanta. Ta ce irinsa take goge kayan 'ya'yanta da shi, ita ba ta da wani kabad.

Darasi: Duk abin da ba za ka yarda wanda kake ƙauna ya riƙe ba, kada ka sa shi a hannun kowa, domin kowane mai saye ɗan gidan wani ne, wata rana kuma naka ne. Shaidar inganci ba ado ba ce, kariyar rai ce, ku nemi ganinta kafin ku saya. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa, musamman masu shago da masu haɗa kayan amarya.