"Da Sauƙi" Ta Kusa Kayar da Shari'ar Mubashir

Akwai wani bakanike mai suna Mubashir da ke aiki a wani gareji a unguwar Ras Al Khor da ke Dubai. Kawaicinsa har ya yi yawa. Irin mutanen nan ne da za ka taka musu ƙafa, su riga ka cewa sannu.

Bara ya je gida hutu. A wani shingen hanya, wani kofur mai suna Labaran ya karɓe masa waya yana bincike. Mubashir ya ce, "Yallaɓai, hotunan iyalina ne a ciki." Iyakar laifinsa ke nan. Kofur ya sa gindin bindiga ya doke shi a hannun dama har ƙashi ya karye.

Yayarsa Ramlat lauya ce, kuma ba ta san wani abu wai shi a bar wa Allah ba. Ta maka kofur a kotu kan tauye haƙƙi, tana neman a tilasta masa ɗaukar nauyin aikin da likita ya ce sai an yi wa hannun.

Hutu ya ƙare, Mubashir ya koma Dubai da hannun da ba ya iya riƙe sifana. Mai gareji ya ce masa, "Habibi, wata uku. In bai gyaru ba, khalas, ba sauran aiki."

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Alhaji Ado, wani babban mai tura kaya gida daga unguwar Abu Hail, ya kama shi ya ce sai sun ci abinci tare. Mubashir ya san Alhaji kawun kofur ɗin ne. Amma babba ya kira ka, ka ce a'a? Ya bi shi.

Aka kawo shinkafa da naman rago. Alhaji ya kife wayarsa a gefen faranti.

"Ɗana, yaya hannu?"

Mutumin da ke cin abinci da cokali a hannun hagu saboda dama ta ƙi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Da sauƙi, Alhaji. Alhamdulillahi."

"Ka yi haƙuri da abin da yaron nan ya yi maka."

"Ba komai, Alhaji. Ai ya wuce."

Jama'a, ni wannan hali namu yana ba ni haushi wallahi. Ciwo na cin mutum, bakinsa na cewa lafiya lau.

Bayan sati biyu Ramlat ta kira shi.

"Mubashir, me ka je ka yi? Yau lauyansu ya kunna muryarka a kotu! Wai da bakinka ka ce ka warke, kuma ka yafe!"

"Yaya, gaisuwa ce fa kawai."

"Gaisuwa? Wata biyu ina hawa da sauka a kan hannunka, ka je ka sayar da shi a kan farantin shinkafa!"

Kunya da takaici suka rufe shi. Bai taɓa zaton babban mutum zai naɗi gaisuwa ya kai kotu ba.

Da ƙyar Ramlat ta samu aka yarda ya ba da shaida ta bidiyo. Kafin ranar, 'yan garinsu mazauna Dubai suka yi ta sintiri a ɗakinsa na unguwar Al Nahda. Wannan ya ce kada ya kunyata Alhaji, wancan ya ce nan ƙasar mutane ce, kowa na buƙatar kowa. Babu wanda ya ce ya nuna masa hannun.

Ranar zama, Mubashir ya jingina waya a kan akwatin kayan aiki. Lauyan kofur ya miƙe.

"Wannan muryarka ce?"

"Tawa ce."

"Ka ce da sauƙi, ko ba ka ce ba?"

"Na ce." Ya fuskanci alƙali. "Ya mai shari'a, a wajenmu ko wanda ke gargara ka tambaya jiki, da sauƙi zai ce. Haka aka tarbiyyantar da mu. Gaisuwa na amsa, ba shaida na bayar ba. Ga shaidata."

Ya ɗaga hannun a gaban waya, ya yi ƙoƙarin dunƙule shi. Yatsu uku suka ƙi lanƙwasuwa. Ya sake gwadawa har gumi ya karyo masa.

"Na ce wa Alhaji ba komai saboda ya isa ya haife ni. Amma akwai komai. Da hannun nan nake ciyar da 'ya'yana."

Alƙali ya yi watsi da muryar da aka naɗa. Ya umarci kofur Labaran ya ɗauki nauyin aikin, ya kuma ba da haƙuri a rubuce.

An yi wa Mubashir aiki saura kwana tara wa'adin mai gareji ya cika. Yatsu biyu sun dawo. Na ukun, likita ya ce an makara.

Darasi: Kawaici ado ne, amma ba a gaban wanda ya zalunce ka ba. In ciwo na cin ka, ka ce yana cin ka, kuma kada ka furta yafiyar da ba ta kai zuci ba don kunyar babba. Ku tura wa duk wani mai "ba komai" da kuka sani.