Ranar da Kuluwa Ta Sauke Goyonta

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A wani kurmi akwai wata goggon biri mai suna Kuluwa. Masu gatari sun cinye rabin kurmin, maharba sun ƙarar da danginta kaf. Saura ita da ɗanta Auta, kullum yana maƙale a bayanta. Ko maharbi ba ya iya kusantar yaron muddin yana jikinta.

Rannan sai ga Gizo, munafukin Allah, maharba sun yi masa alkawarin soyayyar fara in ya raba ta da ɗanta. Ya ce, "Yaya Kuluwa, zo ki ga wanda ba ya mutuwa."

Ya kai ta gindin wani ruɓaɓɓen kututture. Ga wani abu rawaya ya malale kamar an zubar da koko, ba kai, ba ƙafa, amma yana rarrafe a hankali. Sunansa Yauƙi. Gizo ya sa tsinke ya raba shi biyu, sai Yauƙi ya haɗe. Gizo ya sake rabawa, Yauƙi ya haɗe. Gizo ya yi masa gutsu-gutsu, Yauƙi ya tattaru ya ci gaba da kiwonsa.

Gizo ya ce, "Kin gani? Rabuwa ce asirinsa. Ga maharba can tafe, sauke yaron nan gabas, ki yi yamma. Maharba na wucewa sai ku haɗe."

Wayyo, tsoro bai bar ta ta yi tunani ba. Ta sauke Auta, ya riƙe gashinta. Ta ɓamɓare hannunsa, ya kama ƙafarta. Ta ture shi, ta ruga tana kuka.

Da ta dawo, sai sawun takalma da guntuwar igiya. Ta kira gabas, shiru. Ta kira yamma, shiru. Ta daki ƙirji har muryarta ta dishe, ba wanda ya amsa.

Ta ja jiki zuwa kututturen, ta ce, "Malam Yauƙi, mu yaushe za mu haɗe?"

Yauƙi ya ce, "Haba baiwar Allah! Ni ko'ina aka yanke ni, ni ne. Ba ni da ɗa, balle in rasa shi. Da ni kika tambaya, da na ce ki ƙara riƙe goyonki."

Har yau Yauƙi na nan a kan kowane ruɓaɓɓen itace. Kuluwa kuwa ta tsufa ita kaɗai, kullum da yamma tana yin shimfiɗar ganye mai ɗaukar biyu.

Ku ji ni da kyau, jikokina: kafin ku ari dabarar wani, ku duba ko halittarku ɗaya. Kuma abin da ba ku da na biyunsa, kada wani mai zaƙin baki ya sa ku sake shi.

Ƙungurus kan ɗan kusu, ta ƙare. Ke Ladiyo jikata, share hawayen nan.