Gwajin Ranar Juma'a

Akwai wani matashi a wani ƙauye kusa da Tsanyawa, sunansa Zubair. Shi ke kula da shafin intanet na ƙungiyar manoman yankin, inda ake kama layin tarakta ta waya. Ya iya aiki, ba a ƙi ba, sai dai in ka gyara masa magana ka zama maƙiyinsa.

Ana gab da damina ya so a sauya saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Ya gwada tsohuwa da sabuwa, ya rubuta a takardar bayanin aikin cewa sabuwar ta fi sauri nesa ba kusa ba.

Rukayya, abokiyar aikinsa, ita aka ba sabunta takardar. Da ta duba lokacin gwajin, sai ta ga na sabuwar duk ranar Juma'a ne da azahar. Ashe kunna gwajin yake yi ya tafi masallaci. To wa ke kan shafi a lokacin? Ita tsohuwar kuwa ranar kasuwa ya gwada ta, jama'a sun yi mata yawa.

Ta ƙara layi ɗaya, cewa ba a gwada su a yanayi ɗaya ba, kada a dogara da sakamakon sai an sake.

Zubair ya goge layin. "Ke aikinki gyaran rubutu ne, ba gyara ni ba," ya ce mata.

Shugabannin ƙungiya suka karanta, suka amince, aka sauya. Har gida Zubair ya ci gaba da cika baki, ya sa mahaifinsa Malam Badaru ya sayar da shanun huɗarsa, wai yanzu tarakta tana cikin waya.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, kowa ya ɗauki waya lokaci guda. Sabuwar saba ta durƙushe tun hantsi. Masu tarakta suka jira, ba sunan kowa, suka wuce can garin Zakirai inda ake kiransu. Kafin a dawo da tsohuwar, ƙasa ta sha iska.

Wallahi abin da ya fi ƙona min rai, Rukayya aka fara kira, tunda sunanta ne a ƙarshen takardar. Aka sallame ta, Zubair kuwa ya ɓoye cewa shi ya goge layin.

Amma gona ba ta san wannan ba. Maƙwabta masu shanu suka yi huɗa suka shuka, gonar Malam Badaru tana kwance. Da yamma dattijon ya tsaya a bakin turken da babu komai, ya dubi ɗansa.

"Zubairu, ka ce ka gwada."

"Na gwada, Baba."

"To ga shi ka gwada da ni."

Bana gidan Malam Badaru gero a kasuwa suke aunowa.

Darasi: In ka auna abu, faɗi yadda ka auna shi da lokacin da ka auna, ko da hakan zai rage maka kwarjini. Gargaɗin da ka goge don girman kai, wani ne zai kwana da yunwa a kansa. Ku tura wa duk wanda ake dogaro da rahotonsa.