Tsibiran Sarkin Ruwa Cindo

An yi wani sarki a zamanin da, tun ƙasashe ba su san iyakokinsu ba, ana ce masa Bagudu. Ƙasarsa ta taso daga jejin arewa ta miƙe har bakin teku. Adali ne, mai tausayin talakawa, amma yana da rauni guda: in mutum ya iya tsara labari, to, ya gama da shi.

Aka shekara biyu damina tana yi wa garuruwan arewa rowa. Rijiyoyi suka ƙafe, mata suka riƙa fita neman ruwa tun asuba su komo da azahar da rabin tulu. Abin ya dami Sarki ƙwarai, ya tara fadawa da malamai yana neman shawara.

Cikin fadawan akwai Sarkin Ruwa Cindo, mutum mai ƙiba da daɗin baki. Shekara goma sha biyu da suka wuce ya ɓace kwana arba'in, ya komo ya ce ya ratsa teku ya gano tsibirai uku da babu kowa a cikinsu, masu idanun ruwa da ƙasar noma da 'ya'yan itatuwa. Saboda wannan labari aka naɗa masa rawani. Ran nan ya sake tashi ya zuba shi, Sarki kuwa ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya yanke hukunci: gida ɗari biyu daga garuruwan da fari ya ci za su kwashe kayansu, a ɗebe su cikin jirage a kai su tsibiran su zauna.

Wazirin Sarki, wani dattijo ne mai suna Mantau, yana zaune yana jan gemu. Shi ma ya shekara goma sha biyu yana jin labarin nan, ya kuma lura cewa idanun ruwan da suka fara da uku yau sun kai tara. Ya gyara zama ya ce, "Allah ya ba Sarki nasara, kafin a ɗora tsofaffi da jarirai a kan ruwa, ina roƙo a bar ni in je in ga wurin da idona."

Sarki ya ce hakan ya yi kyau, ya ba shi kwana ashirin, ya ce Sarkin Ruwa ya yi masa jagora. Waziri ya duba Cindo, ya ga fuskarsa ta ɗan canja, ya kuma tuna da nasa gwiwoyin da ke masa ciwo, da cewa bai taɓa shiga ko kwalekwale ba. Ya koma gida yana jin haushin bakinsa.

A bakin teku suka sami wani tsohon masunci mai suna Anaruwa, wanda aka ce babu wanda ya fi shi sanin ruwan nan, da jirginsa da matuƙa shida. Tun ba a tashi ba aka fara rigima. Cindo ya zo da dardumai da matasai da katuwar laima, amma da ya ga ana loda salkunan ruwa sai ya ce wannan cin fuska ne, yaya za a kai ruwa inda ruwa ke gudu ƙarƙashin kowane dutse? Anaruwa ya ce shi dai ba ya ɗaga jirgi sai da salka goma sha biyu. Waziri ya sa aka sauke laimar aka ɗora salkunan.

Da suka fita daga bakin kogin da ke zuba cikin teku, Cindo ya miƙa hannu gabas ya ce can za a nufa. Anaruwa ya karkata jirgi kudu. Kafin hantsi ya dubi ludayi Sarkin Ruwa ya kwanta a kan darduma yana amai yana kiran sunayen waliyyai. Waziri ma cikinsa yana juyawa, amma takaici ya hana shi kwanciya. Ya zauna riƙe da gefen jirgi yana kallon mutumin da aka naɗa sarautar ruwa yana roƙon a mai da shi tudu.

Kwana uku suna tafiya suka hango tsibirin farko. Ko Waziri, da duk fushinsa, sai da ya yi tasbihi. Rairayi ne fari tas kamar garin shinkafa, ruwan bakinsa garau har ana ganin kifaye suna wulgawa, ga wasu 'yan itatuwan kwakwa sun sunkuyo kan gaɓa. Babu sawun mutum ko ɗaya, sai na kaguwa da na manyan kunkuran ruwa da suka hau yin ƙwai. Cindo yana taka ƙasa ya warke. Ya buɗe hannuwa ya ce ga shi nan yadda ya bar shi.

Waziri ya ce to, a kai shi idon ruwa. Cindo ya shige gaba. Suka bi gaɓa, rairayi yana ƙona tafin ƙafa, suka kutsa cikin sarƙaƙiya, suka fito, suka sake kutsawa. Kowane lokaci sai ya ce bayan wancan dutsen ne. La'asar sakaliya suka tarar da jirginsu a gabansu, ashe sun kewaye tsibirin kaf. Waziri ya sa matuƙa suka tona rami a tsakiyar tsibirin har ruwa ya tsattsafo. Ya ɗiba ya kai baki, ya tofar. Zartsi ne, ko jaki ba zai sha ba. Cindo ya ce ai idanun ruwan tsibiri ba kamar na gida ba ne, sukan tashi daga wuri su koma wani, kuma lalle sun koma tsibiri na biyu. Waziri ya juya ya hau jirgi.

Tsibiri na biyu ba shi da gaɓa sam. Dutse ne baƙi ya taso daga cikin ruwa a tsaye kamar ganuwa, raƙuman ruwa suna dukan gindinsa, tsuntsaye dubbai suna shawagi a kansa. Cindo ya ce gonakin ɓaure suna can bisa, amma shi yau kansa na sarawa, ba zai iya hawa ba. Waziri ya cire rawani da babbar riga, aka ɗaura masa igiya a ƙugu, matuƙa biyu suna ja daga sama, shi yana rarrafe yana la'antar ranar da ya buɗe baki a fada. Gwiwarsa ta kuje, takalminsa ɗaya ya faɗa teku. Da ya kai bisa bai ga kome ba sai kashin tsuntsaye da ƙaya da iska mai neman ture mutum. Ya sauko da ƙyar. Cindo ya tambaye shi ko ya duba ta gefen yamma.

A tsibiri na uku salkuna huɗu suka rage. Shi wannan yana da ɗan rairayi a lungu, bayansa tsaunuka masu kogwanni. Cindo ya shimfiɗa darduma a inuwa ya ce zai ɗan tuna hanya. Anaruwa ya matso kusa da Waziri ya ce, in yana son ya ga iyakar ruwan da ke tsibiran nan, ya biyo shi yanzu da teku ta janye, don ba ta daɗewa.

Suka bi ta kan duwatsu masu santsi, suka shiga bakin wani kogo a sunkuye. Ciki ya buɗe ya yi faɗi kamar zauren Sarki, haske yana saukowa ta wata tsaga a sama, jemagu sun yi baƙi a rufin. Can ƙurya ruwa yana ɗiga daga dutse, ɗis, ɗis, cikin wani kwarmi da bai fi akushi ba. Waziri ya durƙusa ya sha. Ruwa ne mai sanyi mai daɗi. Anaruwa ya ce ubansa ne ya nuna masa wurin, yana cika tulu ɗaya daga safe zuwa azahar, ya isa ya ceci masuntan da iska ta kore su, amma ba zai riƙe gida ko biyu ba.

Waziri ya ce, "Malam Anaruwa, kai da ka san haka, me ya hana ka faɗa tuntuni?"

Tsohon ya ce, "Ranka ya daɗe, ba wanda ya taɓa tambayata. Shekarun baya mutumin nan ya zo ya ce in kai shi tsibirai. Ba mu wuce bakin kogi ba amai ya kama shi, muka komo. Ya kwana arba'in a bukkata yana cin kifina yana tambayata yadda tsibiran suke. Na gaya masa akwai rairayi da dutse da kogo. Sauran shi ya ƙara."

Waziri ya zauna a kan dutse, haushi ya cika shi har ya rasa ta inda zai fara. Ya tuna gidajen nan ɗari biyu, waɗanda yanzu haka suna ɗaure tukwane da tabarmi suna sallamar kaburburan iyayensu. Yana cikin wannan tunani ruwa ya taɓa masa ƙafa. Teku ta fara komowa. Suka fito ruwa iya ƙirji, tsoho yana riƙe da tsoho, igiyar ruwa tana maka su da dutse. Suka iso gaɓa jiƙe sharkaf, suka tarar da Sarkin Ruwa yana barci, ya sha rabin salka.

Ran kwana na goma sha takwas suka sauka a gida. Waziri ya tsaya ya yi wanka ya sauya tufa, Cindo kuwa ya zarce fada. Kafin Waziri ya iso, ya riga ya gaya wa Sarki cewa tsibiran sun fi da albarka, sai dai Waziri tsufa ya kama shi, bai iya shiga ciki inda ƙoramu suke ba, ya tsaya bakin gaɓa yana ɗanɗana ruwan teku yana faɗa. Fadawa suna ta gyaɗa kai. Sarki fuskarsa cike da murna.

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ga yadda zance ya tsaya. In ya musa, za a ce maganar wani ce da ta wani, kuma ya san wanda Sarki ya fi son ji. In ya kawo Anaruwa, za a ce masunci ne ya zo ƙaryata mai rawani. Sai ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, Sarkin Ruwa ya faɗi gaskiya, na tsufa. Ƙafata ba ta kai inda tasa ta kai ba. Don haka nake ganin bai kamata a tura talakawa wurin da babu shugaba ba. A naɗa shi hakimin tsibiran, ya riga su zuwa da iyalinsa duka, ya yi wata guda yana share musu wuri. Jirgi ya ajiye su ya komo ɗaukar sauran. Kuma tun da shi da bakinsa ya ce kai ruwa can cin fuska ne, kada a ɓata masa rai da salka ko ɗaya."

Sarki ya ce bai taɓa jin shawara mai kyau irin wannan ba. Ya sa a kawo alkyabba, ya ce gobe da safe za a tashi.

Cindo ya yi godiya da wata irin murya. Ya ce sai dai uwargidansa ba ta da lafiya. Sarki ya ce ruwan tsibiri zai warkar da ita. Cindo ya ce 'ya'yansa ƙanana ne. Waziri ya ce cikin gidaje ɗari biyun nan akwai waɗanda aka haifa jiya. Aka kawo alkyabba za a yafa masa, sai ya zube ƙasa ya kama ƙafar Sarki, ya ce a yi masa rai, kada a kai masa 'ya'ya inda ƙishirwa za ta kashe su. Ya faɗi kome, tun daga bukkar Anaruwa har zuwa yau.

Sarki ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago ya ce laifin na mutum biyu ne, wanda ya yi ƙarya da wanda ya ji daɗinta, amma ɗaya ne ya san ƙarya ce ya yarda a kai 'ya'yan wasu su mutu. Ya soke hukuncin ƙaura nan take, ya tura manzanni arewa su ce kowa ya kwance kayansa. Ya sa aka kwance rawanin Cindo, aka aika aka zo da Anaruwa aka naɗa masa, tsohon yana ta tambaya ko zai iya ci gaba da kamun kifinsa. Ya buɗe rumbunan fada, ya tara mahaƙa rijiya na ƙasar duka ya tura su garuruwan fari. Cindo kuwa aka ba shi diga da kwando, aka ce tare da su zai tafi, kuma ba zai ga ƙofar fada ba sai ya kawo ruwan da ya haƙo da hannunsa.

Wata bakwai ya yi a cikin rami. Ƙibar ta zube, tafukan hannunsa suka yi kanta. Da ramin ya kai zurfin gaba goma sha tara ruwa ya ɓullo, mai sanyi, mai yawa, ya ishi garuruwa uku har damina ta komo. Ya kawo tulu guda a ka har gaban Sarki, Sarki ya sha, ya yafe masa, amma bai mayar masa da rawani ba.

Bayan shekara Waziri Mantau ya fita rangadi arewa, yana ɗingishi da gwiwar da dutsen tsibiri ya kuje. Ya tsaya bakin rijiyar, wata tsohuwa ta ɗebo masa ruwa a ƙwarya. Ya sha, ya tambaye ta sunan rijiyar. Ta ce Rijiyar Cindo ake ce mata, wani bawan Allah ne da ya cece su daga ƙaura, Allah ya saka masa da alheri. Waziri ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi matan da ke cika tuluna suna dariya, ya rufe. Ya miƙa mata ƙwaryar ya ce amin, ya nemi a taimaka masa ya hau dokinsa.