Zakiyya 'Yar Kwarbai da Lasisin Aikin Jinya

Akwai wata budurwa a unguwar Kwarbai, cikin birnin Zazzau, mai suna Zakiyya, 'yar Malam Audu maɗinkin manyan riguna. Allah ya ba ta ƙwaƙwalwa, ta samu gurbin karatu a Masar, ta je ta karanto aikin jinya.

Ranar da ta dawo gida ya cika maƙil. Gwaggonta Delu har da guɗa, tana cewa, "Mun yi likita a gida! Mu da layin asibiti kuma sai labari."

Sai dai Zakiyya ta san da sauran aiki. Wanda ya yi karatun jinya a waje sai ya sake zama a makaranta a nan, ya ci jarrabawar hukuma, an ba shi lasisi, sannan ya fara aiki.

Ba a rufa mako ba sai ga Gwaggo Delu da jikanta a goye, jikinsa zafi zau, ga allurar da ta sayo a kemis.

"Zakiyya, taimaka ki yi masa."

"Gwaggo, ki yi haƙuri. Ba ni da izini tukuna, kuma ba a gwada shi ba. Tashi mu je asibiti."

Da kanta ta karɓi yaron ta raka su. Yaro ya warke, amma Gwaggo ta ƙullace ta. Kan ka ce kwabo zance ya zaga unguwa: 'yar Malam Audu ta dawo da girman kai. Wasu ma suka ce ai karatun ne ba ta gama ba.

Ana haka sai Alhaji Sabo, mai wani ƙaramin asibiti a wajen Ƙofar Kuyambana, ya yi sallama a zauren Malam Audu.

"Malam, ba ni yarinyar nan ta fara aiki gobe. Wa zai tambaye ta takarda?"

Aka kira Zakiyya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Na gode, Alhaji. Amma idan ɗan wani ya salwanta a hannuna, me zan ce wa iyayensa? Me zan ce wa Allah?"

Alhaji ya kaɗe riga ya miƙe. "To, zauna jiran gwamnati."

Ta koma aji, ta zauna benci ɗaya da sa'o'in ƙannenta. Jarrabawa ta zo, ta faɗi. Ta shige ɗaki tana ta kuka, har mahaifinta ya ɗaga labule.

"Zakiyya, faɗuwa kika yi ko mutuwa?"

"Faɗuwa, Baba."

"To, tashi ki wanke fuska."

Daga nan ta daina cewa "mu a Masar haka ake yi", kamar yadda ta saba faɗa a aji. Ta manne wa wata 'yar ajinsu, Radiya, wadda ta daɗe tana zirga-zirga a ɗakin yara na asibiti, ta ce, "Don Allah koya mini yadda ake yi a nan." Zazzaɓin cizon sauro, ƙyanda, tamowa, duk abin da a can sai a littafi ta fi ganinsa, yanzu ta tsaya a kansa ta gani da idonta.

Kafin jarrabawa ta biyu, jami'an lafiya suka rufe asibitin Alhaji Sabo, suka tafi da ma'aikatan da ba su da lasisi. Masu surutu suka yi tsit.

Wata Alhamis bayan la'asar Radiya ta kira ta a waya tana ihu: "Zakiyya, duba! Kin ci!"

Ta fito da gudu ko takalmi babu, ta shaida wa mahaifinta. Malam Audu ya ajiye allura da zare, ya faɗi ya yi sujada a nan cikin zaure.

Ranar da za ta kama aiki a asibitin gwamnati, ya sa sabuwar riga ya ce sai ya raka ta. Ta shige ciki da fararen kayanta, shi kuwa ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa tafiya.

Maigadi ya ce, "Baba, mara lafiya ka kawo?"

Malam Audu ya gyara hula. "A'a. Nas na kawo muku."

Darasi: Ilimi ba ya hana bin ƙa'ida, kuma hanyar ratse ba ta kai mutum inda haƙuri zai kai shi. Idan kana da ɗan'uwan da ya faɗi jarrabawa yana shirin karaya, tura masa labarin nan.