Barcin Asabe Mai Jego

Ku gyara zama, ga wata shari'a da na kasa yankewa ni kaɗai.

A wata jami'a an yi ɗalibai uku masu digiri na biyu a fannin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa: Suwaiba, Tasi'u da Marwanatu. Bincikensu ɗaya ne, wato yadda rashin barci ke taɓa hankalin masu jego. Gurbin malami guda tak ya rage a sashensu, malamarsu Farfesa Dije kuma ta ce wanda aikinsa ya fi amfani shi za a ɗauka.

Ana haka aka kawo wata Asabe asibitin koyarwa, kwana goma sha biyu da haihuwa, tana surutai, wani lokacin ba ta gane mijinta. Aka ba ta magani aka koma gida, babu sauƙi. Dangin miji suka yanke shawara: in aka yi arba'in tana haka, za a karɓe jaririyar, ita kuma a mayar da ita ƙauye.

Takardar asibiti ta ce Asabe na barcin awa takwas, don mijin ya ce tun bayan Isha take shiga ɗaki. Suwaiba ba ta yarda ba. Ta tare a gidan kwana uku da littafinta. Ta ga ana tayar da Asabe kafin Asuba don wankan jego, 'yan barka su cika ɗakin daga hantsi har Magariba, sauran lokacin kuma na jaririya ne. Da ta haɗa lissafi, barcin bai kai awa biyu ba.

Tasi'u kuwa ya shekara yana bin tsofaffin fayilolin masu jego. Daga cikinsu ya tsara yadda Asabe za ta samu barcin awa biyar a jere, a kuma sauya mata magani zuwa wanda ba ya hana shayarwa. Likitan da ke duba ta ya ce ɗalibi ba ya koya masa aiki. Sau huɗu Tasi'u yana komawa da fayilolin a hammata, har likitan ya zauna ya karanta, ya sa hannu.

Sai dai tsarin ya tsaya a bakin murhu, wurin Iya Kande mai wankan jego, don sai an ɗaga wankan Asuba barcin zai samu.

"Ni na wanke uwarta," in ji tsohuwar da Marwanatu ta je mata da zancen. "Yau 'yar boko ce za ta sa mini lokaci?"

Marwanatu ba ta yi musu ba. Mako guda tana zuwa, tana hura wuta, tana ɗebo ruwa, hayaƙi na sa ta hawaye. Ran na bakwai ta durƙusa ta ce, "Iya, in an kai hantsi, ruwan zai ƙi tafasa ne?"

"Ja'ira! Ashe abin da ya kawo ki ke nan."

Daga ranar wanka ya koma hantsi, Iya Kande kuma ta dasa kujera a ƙofar ɗaki tana sallamar 'yan barka da kanta.

Ranar arba'in Asabe ta fito goye da 'yarta, ta gaida kowa da sunansa.

Yanzu takardar ɗaukar aiki na gaban Farfesa Dije, wurin suna a buɗe. Wadda ta gano ciwon, ko wanda ya tanƙwara likita, ko wadda ta shawo kan tsohuwa? To, ku da ke zaune, sunan wa za ta rubuta?