Ranar da Uwar Garke Ta Manta da Ma'u

Ku matso kusa. Kai mai hamma, rufe bakinka, don wannan labari da shari'a a ƙarshensa, kuma ku ne alƙalan.

Akwai wata mata ana ce mata Ma'u, injiniya ce a wani kamfani mai ba ƙauyuka wutar sola. Ita ke kula da babbar kwamfutar kamfanin, wadda suke kira uwar garke, don daga wajenta ake kunna wutar kowane gari, ake kashewa. Ma'u ta samu cikin fari, aka kai ta gidan iyayenta a ƙauye goyon ciki. Ba ta daɗe ba haihuwa ta zo mata bagatatan. 'Ya mace ce, bakwaini, 'yar mitsitsiya, aka sa ta a kwalba a ɗan asibitin garin, wanda shi ma wutar kamfanin yake sha.

Ran nan da la'asar aka tafka ruwa da tsawa, daga ƙauyen har birni. Wutar asibiti ta ɗauke, akwatin wutar ya kulle kansa, ba ya buɗewa sai da umarnin uwar garke. Nas ta duba ta ce batirin kwalba ba zai kai magariba ba. Mutum biyu ne kaɗai ke da ikon ba da umarnin nan, manaja da Ma'u, manaja kuwa yana cikin jirgi a sama.

Ma'u na kwance, zazzaɓi ya rufe ta, tana ji kamar gadon yana tafiya a kan ruwa. Ta jawo waya ta buga kalmar sirri da lambar da ke fitowa a wayarta. Aka ce ba a san ta ba. Ta sake, ta sake, har ƙofar shiga kwamfutar ta daina amsawa gaba ɗaya. Wayyo Allah, abin tausayi! Idonta biyu amma mafarki take yi. Ta ga uwar garke ta zama farar saniya a hayin kogi, tana kiranta, saniyar na kallonta kallon baƙuwa. A haka ta riƙa kiran ƙawayenta na wajen aiki.

Ta fara da Barira, mai kula da tsaron hanyar shiga. Barira ta bi sawu, ta gano cewa yawan ƙwanƙwasawar da Ma'u ta yi ne ya sa na'urar tsaro ta ɗauke ta ɓarauniya, ta toshe ta. Dokar kamfani ta ce mai cire toshiyar nan ba da izinin manaja ba, ya bar aiki. Barira marayu take riƙo da albashin nan, amma ko gezau, ta cire. Ma'u ta ce mata, muryarta can ƙasa, "Ƙawata, in yarinyar nan ta rayu, sunanki za ta ci." Ƙofa ta dawo tana amsawa, sai dai amsar ba ta canja ba, ba a san ta ba.

Sai ta kira Hansatu, wadda ke hutu, tana zaman makokin mahaifinta. Hansatu ta share hawaye ta fita bayan ɗaki, ba kwamfuta a gabanta, sai tunani. Can ta ce, "Agogon uwar garke ne. Wuta ta ɗauke mata a birni, ta farka da kwanan watan ranar da aka ƙera ta. Lambar wayarki ta yau ce, ita kuwa tana can shekarun baya, lokacin ko aiki ba a ɗauke ki ba." Ma'u ta lumshe ido, ta ga saniyar ta koma 'yar maraƙa tana kiwo a wata tsohuwar damina. Ta ce, "Hansatu, in ta rayu, takwararki ce."

To, an san ciwo, wa zai kai magani? Agogon nan sai an je gabansa an gyara da hannu, ɗakin uwar garke kuma yana can bayan birni, ruwa ya shanye gada. Ƙawarta Furera ce mafi kusa. Furera da ko rijiya ba ta iya leƙawa don tsoro! Ta ɗaure wayarta a leda ta ɗora a ka, ta shiga ruwa har wuya, ya tafi da takalmanta da mayafinta, ya kusa tafiya da ita. Ta isa tana karkarwa, ta mayar da agogo yau. Ma'u ta ji muryarta kamar daga cikin randa, ta ce, "Furera, na ba ki ita, sunanki ne nata."

Ma'u ta buga lamba, ƙofa ta buɗe. Ta ba da umarni, fitilar kwalba ta kawo, jaririya ta miƙe 'yar ƙafarta. Ma'u ta yi barci mai nauyi, ta farka ba ta tuna ko ɗaya cikin alkawuran nan ba.

Ana gobe suna sai ga su su uku, kowacce da turamen zani da 'yan kunnen jarirai, kowacce tana shiga tana cewa, "Ina takwarata?" Mijin Ma'u ya riga ya bar mata zaɓi, liman kuma da safe zai tambaya. Ma'u ta dubi ƙawayenta, ta dubi 'yarta, ta fashe da kuka, don duk wadda ta zaɓa, ta karya wa biyu alkawari.

Ba don Barira ba, da ƙofar na toshe. Ba don Hansatu ba, da ba a san ciwon ba. Ba don Furera ba, da agogon na nan a shekarun baya. Yarinya ɗaya ce, kuma liman ba zai jira ku gama musu ba. To, sunan wa za a raɗa mata?